Yadda ake gano inda iska ke yoyo a ƙafar mota mai balan-balan

Mota mai ƙafar iska, wato wadda balan-balan na roba cike da iska ke ɗauke da nauyinta a madadin sifirin na ƙarfe, ba ta iya ɓoye ciwonta. A ajiye ta da yamma tana tsaye daidai, da safe a tarar ta durƙusa ta gefe ɗaya, taya ta kusa shigewa cikin madigadi. Da an tayar da inji sai kwamfiresa, injin da ke matse iska, ya yi gurnani na minti ɗaya ko biyu, motar ta miƙe kamar ba abin da ya faru. Wannan miƙewar ce ke yaudarar mai mota ya yi ta hawa wata da watanni, har ranar da kwamfiresan ya ƙone. A sayo sabo a ɗaura, shi ma ba da jimawa ba ya bi sahun na farko, domin an bar jaki ana dukan taiki: ramin da iska ke fita yana nan inda yake. Saboda haka kada ka sayi komai sai ka ga wurin yoyon da idonka, ko ka tabbatar da shi ta hanyar awo.

Fara da tabbatar da cewa motar da iska take aiki. Mercedes mai Airmatic, wanda ya fara fitowa a S-Class ƙirar W220 a 1998, da Range Rover tun daga 1992, da Audi A8 da Allroad da Q7, da Volkswagen Touareg da Porsche Cayenne masu wannan tsari, duk balan-balan ne a ƙafa huɗu. Lexus GX470 da Lincoln Town Car da yawancin BMW X5 masu iska a baya kawai suke da shi. Amma Lexus LX470 da LX570, da Mercedes mai tsarin ABC, da mai suke ɗagawa su sauka. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ta zauna, ɗigon mai za ka nema, ruwan sabulu ba zai nuna maka komai ba.

Hanyar da iska ke bi

Kwamfiresa yana zuƙo iska daga waje, ya matse ta, ya tura ta cikin wani ɗan gwangwani mai cike da ƙwayoyin silika da ke shanye danshi. Daga nan ta wuce akwatin bawul, inda kowace ƙafa take da nata bawul mai aiki da lantarki. Daga akwatin, siraran tiyo na roba mai tauri, masu kaurin milimita 4 ko 6 a yawancin motocin Turai, su ne ke kai iskar ga balan-balan na kowace ƙafa. Motoci da yawa suna da tankin ajiya don su riƙa ɗagawa da sauri. A kusa da kowace ƙafa akwai sensa mai ɗan hannu da ke gaya wa kwamfutar mota tsayin da ƙafar take.

Ƙarfin iskar ba na wasa ba ne. Da ma'aunin matsi da ake kira bar ake auna shi. Tayar ƙaramar mota yawanci tana ɗaukar abin da bai wuce bar 2 da rabi ba. Balan-balan mai ɗauke da nauyin mota yakan kasance tsakanin bar 5 zuwa 10, tankin kuwa a wasu motoci yana kaiwa wajen bar 16. Shi ya sa ramin da allura ma ba za ta shiga ba zai iya zaunar da mota mai nauyin tan biyu kafin asuba.

Kafin ka sa hannu a ƙarƙashi

Kada ka taɓa cusa kai ko hannu tsakanin taya da madigadi, ko ka kwanta ƙarƙashin motar da iska kaɗai ke riƙe da ita. Tiyo ɗaya ya fice, jikin motar zai faɗo nan take, kuma kwamfutar kanta tana iya sakin iska ba tare da ka taɓa komai ba. A sa ƙarafan tokara a wuraren da kamfani ya ware, a kan ƙasa mai tauri. Jak shi kaɗai bai isa ba.

Haka kuma kafin a ɗaga motar da jak, a dakatar da tsarin. Audi da Touareg suna da zaɓin yanayin jak, Lincoln Town Car tana da makunni a cikin but. In ba a yi haka ba, kwamfuta za ta ga ƙafa ta yi tsawo, ta ɗauka motar ta hau da yawa, ta zubar da iskar balan-balan ɗin gaba ɗaya.

Awon dare

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane amfani, kuma shi aka fi tsallakewa. Tef na awo da takarda kawai yake buƙata.

Ajiye motar a wuri mai shimfiɗe, ba kaya a ciki, ka bar inji a kunne har ta kai tsayinta na kullum kuma kwamfiresa ya yi shiru. Kashe inji. Auna kowace ƙafa daga tsakiyar wili zuwa leɓen madigadi, a miƙe sama, ka rubuta lambobi huɗun da milimita. Daga tsakiyar wili ake aunawa don kada iskar taya ta shiga lissafin. Manna ɗan salatif a inda ka ɗora tef ɗin, domin gobe ka auna wuri ɗaya.

Sai ka zare fis na kwamfutar ƙafar, ko ka cire kan batir. Ga dalili. Motocin nan ko an kashe su ba sa barci gaba ɗaya. Wasu ƙirar Land Rover kan farka duk bayan 'yan awoyi su duba tsayinsu. Idan suka tarar ƙafa ɗaya ta yi ƙasa, ba sa kunna kwamfiresa da inji a kashe, sai su saki iskar sauran ukun don su yi daidai da ita. Su sake farkawa, su sake ragewa. Da safe ka tarar da motar kwance a ƙafa huɗu, ka rantse duk sun lalace, alhali guda ɗaya ce mai laifi. Da an zare fis, kowane bawul zai zauna a rufe, kowace ƙafa ta tsaya da iskarta, mai yoyo ta tona kanta.

Bar ta awa 12 ko fiye, sannan ka sake awo. Idan duka huɗun sun sauka da 'yan milimita kaɗan, kuma daidai wa daida, wannan sanyi ne: iska tana tsukewa da kusan kashi 3 cikin 100 duk lokacin da zafi ya ragu da digiri 10, kuma motar da aka dawo da ita daga tafiya iskarta da ɗumi take. Abin dubawa shi ne bambanci tsakanin hagu da dama. Ƙafar da ta sauka da santimita ɗaya ko biyu fiye da 'yar'uwarta tana yoyo.

Wajen karanta sakamakon akwai ɗan tarko. Idan ƙafar baya ta hagu ta zube sosai, nauyi yana karkata, sai ta baya ta dama ta ɗan bi ta, ta gaba ta dama kuma ta ɗan ɗaga. Wadda ta fi kowace sauka ita za ka bi. Idan ƙafafun gaba biyu ko na baya biyu suka sauka tare daidai, ko dai balan-balan biyun sun tsufa tare, wanda ba abin mamaki ba ne tunda rana ɗaya aka ɗaura su, ko kuma motar tana da bawul mai haɗa hagu da dama, irin na Land Rover Discovery 3, kuma ya daina rufewa. Idan kuwa da fis a zare ba ƙafar da ta motsa, amma da an mayar da shi motar ta karkace ko ta zauna, to ba yoyo ba ne. Je ka duba sensar tsayi: ɗan hannunta yakan karye, ko ya fice daga mazauninsa, ko ya ƙage da tsatsa, sai kwamfuta ta yi aiki da labarin ƙarya.

Wani lokaci ƙafafu suna riƙe da iska lafiya lau, amma kwamfiresa yana yawan tashi, ko motar tana jinkirin ɗagawa da safe. Nan yoyon yana tsakanin kwamfiresa da tanki da akwatin bawul ne.

Ruwan sabulu, da yadda ake fesa shi

Zuba babban cokali ɗaya na sabulun ruwa na wanke kwanuka a rabin lita na ruwa cikin kwalbar feshi. Juya a hankali, kada ka girgiza, domin kumfar da ka kawo da kanka za ta rufe wadda kake nema. Wanke laka daga wurin tukuna. Cika tsarin da iska, kashe inji don ka ji da kunnenka, sannan ka fara.

Yoyo iri uku ne a ido. Matsakaici yana hura ƙwan kumfa masu girma suna fashewa, ba ya wahalar gani. Ƙarami ba ya nuna komai nan take. Sai bayan minti biyar ko goma za ka dawo ka tarar da ɗan tulin farar kumfa mai laushi, kamar ta aski, ta taru a wuri ɗaya. Masu gaggawa nan suke faɗuwa, su fesa su duba su wuce. Babba kuwa yana iya hure ruwan gaba ɗaya ba kumfa ko ɗaya, sai dai ka ji tsaki. Don irin wannan, yanki tiyo mai tsawon hannu, ka kara baki ɗaya a kunne, ka riƙa yawo da ɗayan kusa da sassan.

Balan-balan shi ne wanda ake fara zargi, kuma galibi shi ne. Robarsa tana naɗewa ne a kan wani turmi na ƙarfe ko roba mai tauri da ke ƙasansa, tana birgima sama da ƙasa duk lokacin da taya ta motsa. A daidai wannan lanƙwasar robar take gajiya. Yashi yana maƙalewa a wurin yana gurzar ta, zafi da shekaru suna busar da ita, sai ƙananan tsaga su jeru kewaye da ita kamar faso a diddige. Abin da ke rikita mutane shi ne, a wani tsayin tsagar tana naɗe a ciki, matsin iska ya danne ta a jikin turmin, ta toshe kanta. Motar ta kwana uku ba ta sauka ba, rana ta huɗu a ajiye ta a wuri mai ɗan gangara, tsagar ta fito fili, ta zauna cikin awa biyu. Yoyon da ke zuwa yana tafiya kusan kullum wannan ne.

Don haka a fesa a tsayi fiye da ɗaya. Ɗaga motar zuwa tsayinta na ƙarshe da makunnin cikin mota, lanƙwasar za ta warware, ka haska da tocila ka fesa kewaye, har bayan da ba a gani sai da madubi. Dawo da ita tsayin kullum ka sake fesawa, sannan mafi ƙasa. A ƙafafun gaba, karya sitiyari hagu da dama, ka duba kowane. Roba mai tsage-tsage har zaren cikinta ya fara leƙowa ta gama aiki, ko ta yi kumfa ko ba ta yi ba.

A motoci da yawa balan-balan na gaba a haɗe yake da shokozoba, an rufe shi da gwangwanin alminiyam da rigar ƙura, ba ka ganin robar. Nan sai ka fesa bakin rigar sama da ƙasa, ka kasa kunne. Duba kuma ko shokozoban yana zubar da mai, domin mai yana cin robar, kuma sabon balan-balan a kan shokozoba mai ɗigo ba zai yi ƙarko ba.

Daga nan buɗe bonet ka duba kan ƙafar, inda tiyo ke shiga. A W220 abin da aka liƙe saman ƙafar gaba da shi yakan tsage da tsufa, iska ta riƙa fita ta nan. Zuba ruwan sabulu ya kwanta a cikin ramin, ka jira. A Touareg da Cayenne da Q7 na farko akwai ɗan bawul na tagulla a inda tiyo ke haɗuwa da ƙafar, wanda aikinsa hana balan-balan yin fanko gaba ɗaya. Yana ruɓewa da gishiri da ruwa, ya yi yoyo ko ya karye a hannun mai kwancewa. A jiƙa shi da man sassauta tsatsa tun kafin a sa masa sifana.

Tiyo ba ya cika hujewa a tsakiyar hanya haka kawai. Nemi inda yake gogar ƙarfe, inda maƙalinsa ya karye yana lilo, inda ya matso kusa da salansa, da inda wani ya taɓa sa jak ya matse shi. Ɓera ma yana ci. Bi shi da yatsa, za ka ji wurin da ya siranta kafin ka gan shi. Ƙarasa da bakin kowane tiyo a jikin akwatin bawul, da murfin gwangwanin silika wanda yakan tsage, da ɗinkin walda na tanki.

Idan ƙafa tana sauka amma ba kumfa ko'ina

To iskar ta ciki take komawa. Bawul ɗin wannan ƙafar ba ya rufewa ruf, saboda zoben robarsa ya taurare ko wani ɗan datti ya tokare shi, sai iska ta sulale baya ta fita ta mafitar da ke jikin kwamfiresa. Wani lokaci ma akasin haka ake gani: ƙafa ɗaya ta ɗaga da kanta cikin dare, domin iskar tanki tana sulalowa cikinta.

Hanyar rarrabewa ita ce a raba ƙafar da akwatin. Tokare motar, saki iskar wannan ƙafar, cire tiyonta daga akwatin bawul, ka ɗaura masa mahaɗi mai bawul irin na taya. Da famfo na waje mai iya kaiwa bar 10, cika a hankali, kana janye tokarar, har ƙafar ta kai tsayin da ka rubuta jiya. Tsayin za ka bi, kada ka bi lambar geji. Bar ta ta kwana da fis a zare. Ta riƙe, balan-balan da tiyo lafiyarsu ƙalau, akwatin bawul ne. Ta sauka, akwatin ba ruwansa, koma kan balan-balan da tiyo da sabulu. Wasu makanikai suna musanya tiyon hagu da na dama a jikin akwatin su ga ko ciwon zai ƙaura. Dabara ce mai kyau, amma sai da na'urar duba mota mai iya buɗe bawul ɗaya-ɗaya, domin in an bar kwamfutar motar ta cika da kanta, za ta buɗe hagu dama ta ɗaga, ta rikice.

Abin da yoyo ke yi wa kwamfiresa

An ƙera kwamfiresan ne don ya yi aiki na ɗan lokaci ya huta. Yoyo yana tilasta masa tashi a kai a kai, ya yi zafi, zoben fistin ɗinsa ya cinye, ya koma yana ƙara ba ya tara iska. Motoci da yawa suna kashe shi idan ya yi zafi ko ya daɗe yana aiki, sai saƙo ya fito a dashbod cewa iska ba ta cika da wuri. Wannan saƙon ne ke sa a ɗora wa kwamfiresa laifi.

Akwai ɓarna ta biyu da ba a gani. Ƙwayoyin silika suna bushewa ne idan motar ta saki iska: busasshiyar iskar tana bi ta cikinsu a hanyar fita, ta kwashe danshin da suka sha. In akwai rami, iska tana shiga ta cikin silika amma ta fita ta ramin, ba ta dawowa. Silikar ta jiƙe sharkaf, ruwa ya wuce cikin akwatin bawul da tanki, tsatsa ta kama, a wurare masu tsananin sanyi ma ya daskare ya ƙage bawul. In ta daɗe sai ƙwayoyin su dagargaje su zama farin gari ya bi tiyo. Ka cire tiyo ka ga ɗigon ruwa ko farar ƙura a bakinsa, ka san yoyon ya daɗe, kuma canza balan-balan kaɗai ba zai wadatar ba: a canza silikar ko gwangwanin, a hure tiyo. Duk wanda zai canza kwamfiresa kuma ya canza rilensa tare, wato makunnin lantarkin da ke kunna shi. Tsohon rile yakan manne a kunne, ya bar sabon kwamfiresa yana aiki har ya ƙone.

Gyaran

Saki iska kafin ka kwance komai, da na'urar duba mota in akwai, in babu ka sassauta mahaɗin tiyo kaɗan-kaɗan har tsakin ya ƙare, motar tana kan tokara.

Balan-balan ba a yi masa faci, kuma ba a zuba masa ruwan toshe hujin taya, wanda zai bi tiyo ya liƙe bawul. Canzawa ake yi, hagu da dama tare. Idan an ɗaura sabo, kada a sauke nauyin mota a kansa yana fanko, robar za ta naɗe ba daidai ba ta tsage tun ranar farko. A sauko da motar zuwa kusan tsayinta na kullum tana kan jak, a ba shi iska ya cika siffarsa, sannan a janye jak ɗin. Haka nan kada a hura shi yana ajiye a ƙasa ba a ɗaure ba.

Tiyon da ya huje, a yanke wurin a haɗa da mahaɗi na iska mai girmansa daidai. Yankan ya zama a miƙe, da abin yankan tiyo ko sabuwar reza. Filaya tana matse bakin ya zama kamar ƙwai, zoben roba ba zai kama shi ba. Tura shi har ya tokare, ka ɗan ja baya don haƙoran su riƙe. Tiyon fetur da salatif da gam ba sa jure wannan matsin. Mahaɗan Voss na tagulla da ke motocin Turai da yawa sau ɗaya ake amfani da zobensu, in an kwance a sa sabo. Da yake cikin roba ko alminiyam suke shiga, ɗauri kaɗan suke so. Wanda ya ƙara ƙarfi don ya kashe yoyo zai tsaga akwatin bawul ɗin ne. Zoben roba a shafa masa giris na silikon, banda man inji.

A tsarin da aka ɗaura wa mota daga baya, mai tiyo na kwata ko uku bisa takwas na inci, yoyo ya fi yawa a mahaɗai masu zare. In za a naɗa farin tef, a bar zare biyu na farko tsirara, domin guntunsa kan tsinke ya shige bawul. A duba kuma bawul mai hana iska komawa da ke bakin kwamfiresa, shi ke zubar da tanki cikin dare, sannan a riƙa tsiyaye ruwan tankin.

Jeep Grand Cherokee mai Quadra-Lift da Ram 1500 nasu daban ne: rufaffen tsari ne da aka cika da iskar naitirojin, tana kai da komowa tsakanin tanki da balan-balan. Bayan an toshe yoyon sai an sake cika shi da naitirojin ta hanyar na'ura, bisa adadin da kamfani ya faɗa.

Idan an gama, a goge lambobin matsala daga kwamfuta, in an taɓa sensar tsayi a sake saita ta. A ɗaga motar a sauke sau biyu ko uku, a fesa sabulu a duk mahaɗin da aka taɓa, a wanke sabulun da ruwa don kada ya ci tagulla. Daren nan a sake zare fis, a auna ƙafa huɗu a kan salatif ɗin jiya, da safe a gwada da lambobin da ke takarda.